Tambayoyi da Amsoshi Kan Fim ɗin The Hunger Games

Ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare a Gombe, kuma duk shekarar da na ambaci wannan fim a aji sai tambayoyi su biyo baya, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayensu, wasu kuma daga abokan hira a majalisarmu ta Jekadafari. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa wasu amsoshin sun bayyana yadda labarin ya ƙare.

Wane fim ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Fim ne na Amurka da ya fito a watan Maris na 2012, ma'anar sunansa kuwa "Wasannin Yunwa". Kamfanin Lionsgate ne ya fitar da shi, Gary Ross ya ba da umarni, an kuma ɗauko labarin daga littafin da Suzanne Collins ta wallafa a 2008. Jennifer Lawrence ce ta fito a matsayin Katniss Everdeen, Josh Hutcherson ya fito a Peeta, Liam Hemsworth a Gale, Woody Harrelson a Haymitch, sai marigayi Donald Sutherland, wanda ya rasu a 2024, a matsayin Shugaba Snow. An ɗauki yawancinsa a jihar North Carolina, tsawonsa minti 142 ne. An kashe kimanin dala miliyan 78 wajen shirya shi, ya dawo da fiye da dala miliyan 690 a gidajen sinima na duniya.

Me ake nufi idan aka ce fim ɗin "distofiya" ne?

Distofiya labari ne na wata al'umma da aka ƙago, galibi a nan gaba, wadda zalunci ya zame mata tsarin rayuwa, har ya zama doka ce take kare shi. Kishiyarta ita ce yutofiya, wato ƙasar da komai ya daidaita a cikinta. Abin lura shi ne marubucin distofiya ba duba yake yi ba. Yakan ɗauki wata ɗabi'a da ya gani a zamaninsa ne, ya ja ta har ƙarshenta, don mai kallo ya ga inda hanyar ta nufa tun kafin a isa.

Mene ne labarin a taƙaice?

Bayan yaƙe-yaƙe da bala'o'i sun rusa Amurka ta Arewa, wata ƙasa mai suna Panem ta tashi a kan kufanta. Tana da babban birni, Kapitol, da gundumomi 12 da suke yi masa bauta, kowace da sana'ar da aka ɗora mata: ta 4 kamun kifi, ta 8 saƙa, ta 11 noma, ta 12 haƙar kwal. Gundumomin sun taɓa yin tawaye aka murƙushe su, aka kuma shelanta cewa an shafe ta 13 daga doron ƙasa. Horon da aka yanke musu shi ne kowace shekara kowace gunduma ta miƙa yaro ɗaya da yarinya ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18. A zuba su 24 a fili guda su yi ta kashe juna har mutum ɗaya ya rage, ana nuna komai a talabijin, kallon kuma dole ne.

Fim ɗin ya fara ne a ranar zaɓen wasa na 74. Ƙuri'a ta faɗa kan Prim, yarinya 'yar shekara 12, sai yayarta Katniss mai shekara 16 ta miƙa kanta a madadinta. Katniss marainiya ce, mahaifinta ya rasu a fashewar ramin kwal, ita ke ciyar da gidansu da farautar da take yi a ɓoye da kwari da baka. Namijin da aka zaɓa tare da ita shi ne Peeta, ɗan mai gidan burodi, wanda ya taɓa jefa mata burodi a ranar da yunwa ta kusa kashe ta.

Ta yaya ake zaɓen yaran, kuma ina yunwa ta shigo?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma fim ɗin ya wuce ta da sauri, littafin ne ya tsaya a kanta. Ranar zaɓen ana kiranta "girbi", wanda shi kansa sunan cin fuska ne. Sunan yaro yana shiga kwanon ƙuri'a sau ɗaya yana ɗan shekara 12, sau biyu yana 13, haka har ya kai sau bakwai yana 18. Da a nan aka tsaya, da sai a ce kowa da kowa daidai suke a gaban ƙaddara.

Amma akwai wata ƙofa da aka buɗe wa talaka. Yaro zai iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara guda, na mutum ɗaya, idan ya yarda a ƙara sunansa sau ɗaya, kuma yana iya karɓar wa kowa a gidansu. Ƙarin ba ya gogewa, taruwa yake yi. Katniss ta karɓi nata da na Prim da na mahaifiyarsu tun tana shekara 12, shi ya sa sunanta ya shiga sau 20 tana 16. Gale, abokin farautar Katniss, mai ciyar da uwa da ƙanne uku, nasa sau 42 ne. Ɗan attajirin da bai taɓa kwana da yunwa ba, sa'an Katniss, nasa biyar ne kacal. Ranar da na rubuta wannan lissafi a allo, wata ɗaliba da ke zaune a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ke nan ba ƙuri'a ba ce, bashi ne." Ban samu abin da zan ƙara a kan maganarta ba.

Dabarar tana da riba biyu ga Kapitol. Tana kwashe 'ya'yan talakawa fiye da na masu hali, sannan tana sa talakan gunduma ya riƙa jin haushin maƙwabcinsa mai shago maimakon wanda ya tsara kwanon tun farko.

Me ya sa gwamnatin ba ta kashe yaran kawai ba, kuma me ya hana iyaye tashi?

Ɗiyar ƙanwata, wadda shekarunta 13 lokacin da muka kalla tare, ita ta fara yi mini rabin tambayar nan. Aka nuno dandalin girbi, iyaye sun yi cirko-cirko bayan igiya, sai ta juyo ta ce, "Kawu, babu ko uba ɗaya da zai yi magana?" Amsar farko ita ce bindiga. Dakarun da ke tsaron gundumomi, waɗanda don rainin hankali aka raɗa wa suna masu kiyaye zaman lafiya, suna bulala a bainar jama'a, suna harbi. An kewaye gundumomin da shingen waya, ba a tafiya daga wata zuwa wata, don haka babu wanda ya san ko akwai mai irin fushinsa a wani wuri. Kuma kowane uba yana tsaye ne yana addu'ar kada a kira nasa, idan aka kira na wani, abin da ya fara ji a ransa sauƙi ne, kunya ta biyo baya. Mutanen da aka sa a wannan hali da wuya su haɗa kai.

Amsa ta biyu Snow ne ya ba da ita da bakinsa, a wata hira da ya yi da shugaban masu shirya wasan, Seneca Crane, a lambun furanninsa. Abin da yake nufi shi ne tsoro kaɗai ba ya riƙe mutane, sai an haɗa da ɗan guntun fata, amma fatan kada ya yi yawa. Shi ya sa ake barin mutum ɗaya ya rayu, a ba shi gida da dukiya, a zagaya da shi gundumomi. Idan aka yi lissafin yara 23 a kowane wasa cikin 73 da suka gabata, aka ƙara da cewa a na 50 an ninka yawan yaran zuwa 48, waɗanda suka mutu kafin zuwan Katniss sun haura 1,700.

Shin Katniss tana son Peeta da gaske, ko wasan kwaikwayo ne?

Wannan ce tambayar da 'yan mata suka fi yi, kuma ba ƙaramar tambaya ba ce kamar yadda samari ke ɗauka. A filin wasan akwai masu ɗaukar nauyi, wato attajiran Kapitol da ke biyan kuɗi a aika wa yaron da ya burge su magani ko abinci ta 'yar lema daga sama. Haymitch, wanda ya ci wasa na 50 ya koma mashayi, shi ne mai ba su shawara, kuma ya gane cewa labarin soyayya kasuwa ne. Peeta ya bayyana son Katniss a talabijin, kuma nasa gaskiya ne. Ita kuwa ta lura cewa nuna masa kulawa yana jawo taimako, har ta kai ita kanta ba ta iya rarrabe abin da take yi don kyamara da abin da take yi don zuciyarta.

Nan ne fim ɗin ya fi burge ni. An ƙwace wa yarinyar nan abinci da 'yanci, sannan aka ƙwace mata ikon sanin abin da ke ranta. Wanda ya kalli fim ɗin yana jiran ya ga wa za ta aura tsakanin Peeta da Gale ya zauna ne a kujerar mutanen Kapitol bai sani ba.

Yaya aka yi mutum biyu suka tsira, alhali doka ta ce ɗaya?

Ana tsakiyar wasa aka sanar cewa mutum biyu za su iya cin nasara idan 'yan gunduma ɗaya ne, don a ƙara wa masu kallo armashi. Da Katniss da Peeta suka rage su kaɗai sai aka janye sanarwar. Katniss ta fito da wasu 'ya'yan itace masu guba ta raba musu, suka yi haramar haɗiyewa tare. Ta gane cewa Kapitol ba za ta iya jure wasa babu gwani ba, domin dalilin da aka bayyana a amsar da ta yi magana kan iyaye da fata. Dole aka dakatar da su aka ce duka sun yi nasara. Seneca Crane ne ya biya farashin: aka kulle shi a ɗaki, babu komai a ciki sai kwano cike da irin 'ya'yan itacen nan.

Daga ina marubuciyar ta samo tunanin, kuma gaskiya ne kwaikwayon wani fim ɗin Japan ta yi?

Collins ta bayyana cewa wani dare tana canza tashoshin talabijin, a wata tasha matasa na gasa a shirin nishaɗi, a wata kuma ana nuna yaƙin Iraƙi, sai hotunan biyu suka fara cakuɗewa a idonta. Mahaifinta sojan sama ne da ya je yaƙin Biyetnam. Ta kuma ambaci tatsuniyar Girkawa ta Theseus, inda birnin Atina ke aika samari bakwai da 'yan mata bakwai tsibirin Kirit a miƙa su ga dodo. Sunan Panem daga Latin yake, daga maganar mawaƙin Rum Juvenal kan burodi da wasanni, wato abubuwa biyu da masu mulki ke rufe bakin jama'a da su. Shi ya sa mutanen Kapitol ke da sunayen Rumawa irin su Seneca, Caesar da Cinna.

Fim ɗin Japan da ake magana shi ne Battle Royale na 2000, wanda Kinji Fukasaku ya ba da umarni, daga littafin Koushun Takami na 1999. A can ɗalibai 42 ne 'yan aji ɗaya aka kai tsibiri, aka saka musu ƙarfe mai fashewa a wuya. Kamannin a fili yake, amma Collins ta ce ba ta san da littafin ba sai bayan ta miƙa nata ga mawallafa. Bambancin da na fi gani shi ne na Japan ya fi damuwa da yadda abokai ke cin amanar juna, na Amurka kuma ya fi damuwa da masu kallo da masu shiryawa. Na Japan ya fi zubar da jini nesa ba kusa ba, ba na yara ba ne ko kaɗan.

Da littafin da fim ɗin, wanne ya fi?

Littafin daga bakin Katniss yake, don haka mai karatu yana cikin kanta, yana jin lissafinta da shakkunta, abin da kyamara ba ta iya nunawa. Fim ɗin kuma ya samu abin da littafin ya rasa: ya shiga ɗakin da ake sarrafa filin, ya nuna ma'aikata sanye da fararen kaya suna kunna gobara a daji da ɗan yatsa, cikin natsuwa irin ta ma'aikacin banki. Hirar Snow ta lambu ma ƙarin fim ce. An canza asalin 'yar alamar tsuntsun da Katniss ke maƙalawa, a littafi 'yar magajin gari Madge ce ta ba ta, a fim kuwa a kasuwar bayan fage ta samo ta. Ɗalibi mai son ƙarfafa Turancinsa ya fara da littafin, jimlolinsa gajeru ne.

Mece ce ma'anar tsuntsun nan da ɗaga yatsu uku?

Kapitol ta taɓa ƙirƙirar wasu tsuntsaye masu haddace maganar mutane don leƙen asirin 'yan tawaye. 'Yan tawayen suka gano, suka riƙa ɗura musu ƙarya. Aka watsar da tsuntsayen a daji don su mutu, sai suka yi barbara da wasu tsuntsayen suka haifar da mockingjay, mai kwaikwayon waƙa. Ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya, shi ya sa tsuntsun ya zama tambarin tawaye.

Yatsu uku kuwa tsohuwar gaisuwar ban kwana ce da girmamawa a gunduma ta 12. Lokacin da aka kashe Rue, 'yar shekara 12 daga gunduma ta 11 wadda Katniss ta riƙe kamar ƙanwarta, Katniss ba ta gudu ba. Ta zauna ta yi mata waƙa har rai ya yi halinsa, ta tsinko furanni ta kewaye gawar, sannan ta fuskanci kyamara ta ɗaga yatsun. A tsarin wasan gawa shara ce da jirgi ke zuwa ya kwashe, ita kuwa ta yi mata sutura gwargwadon iyawarta, kuma mu da muka san haƙƙin mamaci a kan mai rai ba ma buƙatar a yi mana bayanin nauyin wannan. A fim ɗin nan take tarzoma ta ɓarke a gunduma ta 11. Alamar ta fita daga fim ta shiga titi: masu zanga-zanga sun yi amfani da ita a Tailan bayan juyin mulkin 2014, da kuma Myanmar bayan na 2021.

Labarin Turawa ne, mu ina ruwanmu?

Duk lokacin da aka kai nan a majalisa, ba a daɗewa wani zai ambaci 'yan Kalare na Gombe ko 'yan Sara-Suka na Bauchi. Kwatancen ba cikakke ba ne, domin babu doka a ƙasar nan da ta ce a kawo yara su kashe juna, kuma ba na son a mayar da fim tafsirin siyasarmu. Amma mai kwatancen bai yi ƙarya ba. Wanda ya ga yaro ɗan shekara 17 a lokacin kamfe, riƙe da gora ko adda a bayan motar da ba zai taɓa shiga cikinta ba, yana neman sa'ansa na wata unguwa saboda 'yan kuɗin da ba za su kai shi mako ba, ya ga kwanon ƙuri'ar da aka bayyana a amsar da ke kan yunwa. Sunan wanda ke jin yunwa ne ya fi yawa a ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A fim ɗin akwai yaran gundumomi ta 1 da ta 2 da ake horarwa tun suna ƙanana, su ne ke miƙa kansu da alfahari. Cato, mafi ƙarfinsu, sai a daren ƙarshe, jini na zuba a fuskarsa, ya gane cewa shi ma dabbar yanka ce da aka yi wa kiwo. Wannan wurin nakan tsayar wa ɗalibai maza. Sauran abin da ya shafe mu duka shi ne kallo: duk wanda ya taɓa tura bidiyon gawa ko na faɗan daba a WhatsApp don mutane su gani, ya san cewa ba sai an rina gashi shuɗi ake zama ɗan Kapitol ba. Kuma ɗan Gombe bai buƙatar a fassara masa gunduma ta 12, tunda ga kwal ana haƙa a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko.

Ya dace yara su kalla?

A Amurka an ba shi matakin PG-13, ma'ana ana jan hankalin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. An rage nuna jini ta hanyar girgiza kyamara da saurin yanke hoto, amma yara ne ke mutuwa, kuma mutuwar Rue tana da nauyi ko ga babba. Babu tsiraici. Akwai sumbata a wurin kogo, akwai shan giyar Haymitch, akwai kuma barazanar kashe kai da aka yi bayaninta a amsar da ke kan yadda mutum biyu suka tsira, wadda ya kamata uba ko uwa su tattauna da yaro a kanta bisa abin da addini ya koyar.

Shawarata ita ce daga shekara 14, kuma tare da babba, ba a tura wa yaro a waya a shagon masu turi ya je ya kalla shi kaɗai cikin dare ba. A kula musamman da gidajen da suka baro Borno ko Yobe saboda rikici. Yaron da ya taɓa ganin an shigo gari an tafi da sa'anninsa, wurin girbin nan ba almara ba ne a wurinsa.

Fina-finan nawa ne, kuma da wanne za a fara?

Biyar ne suka fito zuwa 2023. Bayan na 2012 sai Catching Fire a 2013, sannan Mockingjay kashi na ɗaya a 2014 da na biyu a 2015, duka ukun Francis Lawrence ne ya ba da umarni. Na biyar, The Ballad of Songbirds and Snakes, ya fito a 2023, ya koma baya shekara 64 zuwa wasa na 10, lokacin Snow yana ɗalibi ɗan shekara 18. A 2025 Collins ta fitar da littafin Sunrise on the Reaping, kan wasan da Haymitch ya ci.

A bi su yadda suka fito, kada a fara da na 2023 don kawai labarinsa ya riga sauran, domin daɗinsa yana ga wanda ya riga ya san abin da yaron nan zai zama. A wurina Catching Fire ya fi duka tsari. Mockingjay kashi na ɗaya yana da jan ƙafa, da yawa sukan gaji a nan, amma a daure a kai ƙarshen kashi na biyu, inda shugabar 'yan tawaye, Coin, bayan ta karɓi mulki, ta kawo shawarar a shirya wasa guda na ƙarshe da 'ya'yan mutanen Kapitol.